Idan Maki Ya Ƙi Motsi

Daga wasu 'yan aji biyu na Ƙungiyar Kwamfuta

Muna godiya ga Ƙungiyar 'Yan Jarida da ta ba mu wannan gefe na bango.

Kwana biyu kuna ta jin ƙishin-ƙishin cewa an goge wa 'yan Ƙungiyar Kwamfuta maki. Wasu suna cewa an kama ɓarayin amsa, wasu suna cewa za a rushe ƙungiyar gaba ɗaya. Magana ta yi yawo har ta kai wajen masu sayar da awara a bakin ƙofar makaranta. Shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu. Mu bakwai ne muka haɗu muka tsara wannan rubutu, kuma abu ɗaya ya haɗa mu: makinmu ya tsaya cak kusan wata huɗu, kamar motar da ta kafe a laka. Ba za mu kama sunan kowa ba. So muke mu yi bayanin abu uku: me ya sa maki yake tsayawa, me satar amsa ta jawo mana, da kuma abin da ya sa makin ya fara motsi daga baya.

Wace irin gasa ce?

Kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da ka ce ta yi shi za ta yi, ko da shirme ne. Rubuta mata umarni ɗaya bayan ɗaya shi ake kira kodin, mu kuma da harshen Python muke koyo. A gasar kodin ana ba ka tambaya, ka yi tunanin hanyar warware ta, ka rubuta umarninka, sai a gwada shi da lambobi iri-iri waɗanda ba ka gani ba. In ya ci duka, ka samu. In ya faɗi ko da a guda ɗaya ne, ba ka da komai. Babu zancen "Malam, don Allah a ƙara mini biyu."

Ga misali, ku ma ku gwada. An ba ku kankana, an faɗa muku nauyinta. Za a iya raba ta gida biyu, kowane kashi nauyinsa ya zama cika, wato lambar da biyu ke raba ta ba saura? Mai gaggawa zai ce ai da sauƙi: in nauyin cika ne a ce e, in mara ne a ce a'a. Kilo 8 zai rabu 2 da 6, ko 4 da 4. To kilo 2 fa? Cika ne, amma in ka raba shi 1 da 1 za ka samu, kuma dukansu mara ne. Wannan ɗan ramin shi ne gasar. Tambayar kankana sananniya ce a duniya, tana cikin tambayoyin farko da masu koyo ke warwarewa a dandalin gasa na Codeforces, wanda wani ɗan ƙasar Rasha mai suna Mike Mirzayanov ya kafa a 2010.

Mu a nan muna yin tamu gasar duk ranar Alhamis bayan an tashi. Tambaya biyar, minti arba'in. Kwamfutoci huɗu ne ke aiki, in an kawo wuta. In ba wuta, a takarda muke rubutawa, malaminmu mai yi wa ƙasa hidima ya gwada mana a tasa kwamfutar ta hannu.

Yadda allon maki yake aiki

Allon da kuke gani a ɗakin kwamfuta ba irin makin gwajin aji ba ne. Kowa da 1000 ya fara. In ka wuce wanda ya fi ka maki, za ka ƙaru sosai. In ka wuce wanda ka fi, ɗan kaɗan za ka samu. In kuwa na ƙasa da kai ya wuce ka, sai a rage maka. Malam ya ce ba shi ya ƙirƙiro wannan tsari ba. Wani malamin kimiyya ne mai suna Arpad Elo, haifaffen ƙasar Hungari da ya zauna a Amurka, ya tsara shi don 'yan wasan darar Turawa ta ces, kuma hukumar wasan ta duniya ta karɓe shi a 1970. A lissafinsa, in ka fi mutum da maki 200, ana sa ran za ka cinye shi kusan sau uku cikin huɗu. In da 400 ka fi shi, kusan sau goma ne kafin ya ci sau ɗaya.

A Codeforces har launi ake ba sunan mutum. Ƙasa da 1200 toka-toka ne, daga 1200 kore, daga 1600 shuɗi, daga 2400 kuma ja. Akwai mutanen da suke shekara da shekaru a launi ɗaya. Da muka ji haka hankalinmu ya ɗan kwanta, don mun gane ashe ba a garinmu aka fara wannan ciwo ba.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan maki mudu ne. Aikinsa ya auna ka, ya nuna wa Malam irin tambayar da ta dace da kai, da wanda ya kamata a tura in an kira gasa a waje.

Lokacin da maki ya tsaya

A makonnin farko kowa ya yi ta hawa. Yau ka koyi yadda ake tara lambobi, gobe ka koyi yadda ake sa kwamfuta ta maimaita abu sau ɗari, jibi ka ga makinka ya ƙaru. Har gida muke kai labari. Daga mako na biyar sai abin ya canza. Mu bakwai ɗin nan muka maƙale tsakanin 1100 da 1150. Wannan makon a ƙara maka goma, mako mai zuwa a cire sha biyu. Tambaya ta ɗaya da ta biyu muna cinye su kamar gyaɗa. Ta uku kuwa katanga ce.

Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba, ba zai san zafinsa ba. Kana zuwa kullum, kana haƙura da yunwar bayan tashi, wata cikinmu sai ta gama wanke-wanke da ɗiban ruwa take samun duba littafi, amma lamba tana nan inda take. Sai zuciya ta fara raya maka cewa iyakar kanka ke nan, wannan abu na 'ya'yan birni ne masu kwamfuta a ɗaka. Mutum biyu daga ƙungiyar sun daina zuwa saboda haka, kuma ba dakikai ba ne.

Da muka zauna da Malam muka tattauna, mun gano dalili huɗu da ke tsayar da maki.

Na farko, makin gwada ka yake da sauran mutane. In kowa ya ƙaru daidai wa daida, babu wanda lambarsa za ta motsa. Kamar masara ce a gona ɗaya: duk ta yi tsawo daga gwiwa zuwa kafaɗa, amma wadda ta fi tsawo da farko har yanzu ita ce gaba. Malam ya ɗauko tambayoyin makon farko ya sake ba mu, muka gama su cikin minti tara, alhali a da minti arba'in ba ya isar mu. Ashe mun ƙaru, allon ne ba ya nuna irin wannan ƙaruwa.

Na biyu, abin da ya kai mutum matakin farko ba shi zai kai shi na biyu ba. Tambaya ta ɗaya da ta biyu sanin umarni suke so. Ta uku sabuwar dabara take so. Wanda ya yi ta maimaita tambayoyi masu sauƙi zai ƙara sauri ne kawai, kamar mai sake nome kunyar da aka riga aka nome, ga sauran gona ciyawa ta rufe.

Na uku, wani ilimin a ɓoye yake girma. Duk wanda ya taɓa noman gyaɗa ya san bayan ta yi fure, sai ta tura 'yan tsinke cikin ƙasa, a can 'ya'yan suke ƙulluwa. Mai wucewa zai ga ganye kawai ya ce gonar nan ta tsaya. Sai ranar cira ake sanin aikin da ta yi.

Na huɗu kuwa shi ne kaka. Nan ƙasar noma ce. Daga Funtuwa zuwa Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi, in watan Oktoba da Nuwamba suka kama, babu gidan da ba ya neman hannu. Ga karyar masara, ga yankan waken suya, ga tsinkar auduga, ga yankan dawa. Yaron da ya wuni yana ɗaukar buhu ba zai iya tunanin lissafi da dare ba. Wannan ba lalaci ba ne, abincinmu ne da kuɗin littafinmu.

Gajeriyar hanya

Saboda kakar ne Malam ya tausaya mana ya kawo zagayen gida. A ba da tambaya ranar Alhamis, a kawo amsa ranar Litinin, don wanda ya je gona kada ya rasa maki. Niyya ce mai kyau. Amma a gida akwai wayar yaya, a wayar kuma akwai manhajojin nan irin su ChatGPT da za ka rubuta musu tambaya su zubo maka amsa kafin ka ƙifta ido. Akwai kuma WhatsApp, inda amsa ɗaya za ta zagaya gida biyar a dare ɗaya.

Cikin mako uku sai ga wasu sun tashi daga 1050 sun haura 1300. Mu da muke maƙale muna kallo aka wuce mu kamar an wuce mai keke a kan titin Zariya. A lokacin ne kuma aka sanar cewa a ƙarshen zango za a zaɓi mutum uku na saman allo su wakilci makaranta a gasar makarantun shiyyarmu. Nan abin ya zama da gaske.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Malam ya lura takarda huɗu sun zo iri ɗaya sak, har sunayen da aka sa wa lambobi, har wajen da aka bar fili. Ya kuma ga wasu umarnai da bai taɓa koya mana ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗauko bulala ba. Ranar Alhamis ya kira kowa da kowa, mu ma har da mu, ɗaya bayan ɗaya zuwa gaban allo. Ya ce kowa ya yi bayanin amsarsa da Hausa, layi bayan layi. Sannan ya ɗan juya tambayar kankana: a raba ta gida uku, kowane kashi cika. Wanda ya gane ta farko zai ga nan take cewa sai nauyin ya zama cika kuma ya kai 6, tunda mafi ƙanƙanta shi ne 2 da 2 da 2. Wanda ya kwafo kuwa sai ya tsaya da alli a hannu yana kallon silin.

Hukuncin da ya biyo baya kowa ya shafa. An goge duk makin zagayen gida, har da na waɗanda suka yi da guminsu. Ɗaya daga cikinmu, wadda ta fara warware tambaya ta uku a karon farko a rayuwarta a wannan zagaye, da fitilar waya, bayan kowa ya yi barci, ita ma makinta ya tafi. An kuma soke zagayen gida baki ɗaya, don haka wanda aka tafi da shi gona yanzu ba shi da wata dama. Malam ya ce in aka sake, zai sauke allon.

Wa aka cuta?

Mai satar amsa yakan ce, "Ni ban ɗauki kayan kowa ba." To bari mu ƙirga.

Ya cuci wanda ya wuce, domin a wannan tsari duk makin da ya hau kan wani, daga jikin wani aka cire shi.

Ya cuci mudun kansa. Mun sha jin iyayenmu suna maganar masu yayyafa wa auduga ruwa ko zuba mata yashi don ta yi nauyi a sikeli. Mutum ɗaya ne zai ci ribar rana ɗaya, amma in masu saye da masu injin gurza suka gane, sai su daina yarda da kowa, su karya farashi, mai gaskiya ma ya kwana a ciki. Haka aka yi mana. A darasin addini an karantar da mu Suratul Muɗaffifin, wadda ta yi kashedi a kan tauye mudu, da kuma hadisin da ya hana algus. Mu a da mun ɗauka maganar 'yan kasuwar hatsi ce kawai. Yanzu mun gane ɗan makaranta ma yana da mudu.

Ya cuci makaranta. Da a ce an tura waɗannan uku gasar shiyya, inda babu waya, babu yaya, sai alkalami da mai sa ido, da sunan wa za a yi dariya? Da sunanmu duka.

Sannan ya cuci kansa fiye da kowa. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda makinsa ya hau 1300 alhali ƙarfinsa na 1050 ne, tambayoyin 'yan 1300 za a riƙa ba shi. Ba zai iya ba, sai ya sake sata. Kullum ramin yana ƙara zurfi, kullum yana cikin fargaba. Mu da muka ga lokacin da aka katse layukan waya a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da wasu ƙananan hukumomi a 2021 saboda matsalar tsaro, mun san waya ba abin jingina ba ce. Rana ɗaya za a wayi gari babu ita. Abin da ke cikin kai ne kawai ba a katsewa.

Duk da haka ba mu yarda da masu cewa a liƙa sunayensu a wannan bango ba. Mun san abin da ya tura su, don ciwon da ya dame su shi ya dame mu. Wani a gida ake tambayarsa kullum na nawa ya zo. Wani kunyar ganin ƙaninsa ɗan aji ɗaya a samansa yake ji. Sun riga sun sha kunya a gaban allo, ta isa. In aka tozarta su za su bar ƙungiyar ne, mu kuma so muke su dawo mu kara da su da gaskiya.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan cuta ta girme mu. A 1977 takardun jarrabawar WAEC sun fita kafin ranar rubutawa, abin ya girgiza ƙasar nan har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1999 aka yi dokar hana maguɗin jarrabawa, wadda ta tanadi tara ko ɗauri, ko duka biyun, kuma ba ta bar wanda bai kai shekara 18 ba. Yayyenmu 'yan aji uku da ke shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wannan magana ta shafe ku. Mu duka kuma JAMB tana jiran mu a gaba, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta.

A Codeforces ma ana fama. Bayan gasa sukan gwada amsoshin mutane da juna, in sun ga kwafi su soke, su sake lissafa maki. A 2024 har doka suka kafa ta taƙaita amfani da ƙirƙirarriyar basira a lokacin gasa. Ke nan abin da ya faru a ɗan ɗakinmu mai kwamfuta huɗu, shi ne yake damun manyan duniya.

Amma akwai labari mai daɗi. Babbar gasar kodin ta 'yan sakandare ta duniya an fara ta ne a 1989 a ƙasar Bulgeriya. Kowace ƙasa mutum huɗu take turawa, a yi kwana biyu ana fafatawa, awa biyar kowace rana. A 2024 a nahiyarmu aka yi ta, a birnin Iskandariyya na Masar. Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Gennady Korotkevich, ɗan ƙasar Belarus. Ya fara zuwa gasar a 2006 yana ɗan shekara 11, bai kai mu ba ma, ya samu azurfa. Daga 2007 zuwa 2012 ya ci zinare sau shida a jere. Amma shi ɗin ma sai a 2024 ya kai maki 4000 a Codeforces, shekara 14 bayan buɗe dandalin. In gwanin gwanaye ya jira, mu wane ne da za mu ce wata huɗu ya yi yawa? A nan gida kuma akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja da ke shirya gasannin lissafi da kimiyya na 'yan sakandare, akwai kuma gasar Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin. Ƙofa a buɗe take, amma babu wanda zai shige ta da amsar aro.

Abin da ya motsa makinmu

Ba magani muka sha ba, ba kuma sabuwar kwamfuta aka kawo ba. Abu biyar muka riƙe, kuma duk ɗalibi zai iya gwada su a Lissafi, ko Turanci, ko ma hadda.

Na ɗaya, gasa ba ta ƙarewa da bugun ƙararrawa. Tambayar da ta gagare mu ranar Alhamis, ita ce aikinmu na Asabar. Ba ma taɓa sabuwa sai mun kayar da tsohuwa.

Na biyu, muna neman tambayar da ta ɗan fi ƙarfinmu kaɗan. In ka warware cikin minti biyar, ba ta ƙara maka komai ba. In ka yi kwana uku ko hanyar shiga ba ka gani ba, lokacinta bai yi ba. Ta tsakiya ake nema, wadda za ta sa ka gumi amma a ƙarshe ta faɗi.

Na uku, dokar minti talatin. Sai mun yi rabin awa muna kokawa da tambaya mu kaɗai kafin mu nemi taimako. In mun je wajen Malam, ba amsa muke roƙo ba, ɗan haske muke roƙo. In kuma an nuna mana amsar bayan an gama gasa, sai mu rufe ta, mu rubuta da kanmu, washegari mu sake rubutawa. Nan ne bambancin koyo da sata yake. Duba amsa bayan gasa don ka gane karatu ne. Duba ta a lokacin gasa don ka miƙa da sunanka sata ce. Wayar ɗaya ce, amsar ɗaya ce, lokaci da niyya ne suka raba su.

Na huɗu, kowannenmu ya ware littafi mai ganye ashirin, muna kiran sa littafin ramuka. Duk ramin da tambaya ta haƙa, irin na kilo 2 ɗin nan, sai mu rubuta shi. Kafin mu miƙa amsa sai mu gwada ta da lamba mafi ƙanƙanta, da mafi girma, da sifili.

Na biyar, bayani da Hausa. In ba za ka iya yi wa ɗan aji ɗaya bayanin dabara da harshen gida ba, ba ka gane ta ba tukuna. Ga wadda ta fasa mana katangar tambaya ta uku. Aboki ya riƙe lamba a ransa tsakanin 1 da 100, kai kuma ka canka, shi kuma ya ce "sama" ko "ƙasa". In ka bi ɗaya bayan ɗaya, za ka iya yin tambaya ɗari. In kuwa ka fara da 50, ka zubar da rabi, ka sake raba abin da ya rage biyu, ba za ka wuce tambaya 7 ba. Tsakanin 1 da 1000 tambaya 10 ta isa. Tsakanin 1 da miliyan ɗaya, 20 kacal. Ku gwada a lokacin tara, za ku sha mamaki. Da wasa muka koye ta a gindin bishiyar darbejiya, ba ko kwamfuta a kusa.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, ba dukanmu ne muka tashi ba. Cikin mu bakwai, huɗu sun haura 1200. Biyu sun ɗan gusa. Ɗaya har yanzu tana nan inda take, amma makon jiya ta warware tambaya ta uku a gaban kowa, cikin lokaci, kuma wannan karon babu mai goge mata. Ba mu san ko a cikinmu za a samu masu zuwa gasar shiyya ba. Abin da muka sani shi ne, duk wanda aka tura, lambar da ke gaban sunansa tasa ce.

Roƙonmu

Ga malamanmu: don Allah kada a sauke allon, kada kuma a rushe ƙungiyar. Malaminmu zai gama hidimarsa nan da 'yan watanni, muna roƙon a samu wani malami ya karɓa tun kafin ya tafi. Muna kuma roƙon a ƙara layi ɗaya a allon, a riƙa rubuta yawan tambayoyin da mutum ya koma ya warware bayan gasa, don mai ƙoƙarin da makinsa ya tsaya shi ma a ga aikinsa. In kaka ta zagayo, a ba waɗanda suka je gona wata rana su rubuta tasu gasar a makaranta, a gaban malami.

Ga iyayenmu, in wannan magana ta kai gida: bayan "na nawa ka zo?" a riƙa ƙara mana da "me ka koya yau?"

Ga abokanmu biyu da suka daina zuwa: kujerunku suna nan. Makin da ya tsaya ba shi ne iyakar kanku ba.

Ga waɗanda suka kwafo: ba mu riƙe ku a zuciya ba. Ku zo ranar Asabar gindin darbejiya da littafi mai ganye ashirin.

Ga ƙannenmu 'yan aji ɗaya: za ku hau da sauri, sannan wata rana za ku tsaya. In ranar ta zo, ku tuna an gaya muku tun da wuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun bar muku tambaya ɗaya. Manomi yana da buhun masara 9, takwas nauyinsu ɗaya, guda ɗaya ya fi sauran sauƙi. Yana da sikeli mai hannu biyu, babu duwatsun awo. Yaya zai gano buhun mai sauƙi da awo biyu kacal? Wanda ya gano ya kawo amsa ɗakin kwamfuta ranar Alhamis. Sharaɗi ɗaya ne: zai tsaya gaban allo ya yi bayani da bakinsa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.